Gulutaminez: Kwalba Ta Ce Eh, Jiki Ya Ce A'a

A farkon watan Janairun 2021 wani kamfanin haɗa magunguna da ke jihar Kalifoniya, mai suna Calithera, ya fitar da sakamakon gwajin da ya ɗora wa dukkan fatansa. An ɗauki mutum 444 masu sankarar ƙoda wadda ta riga ta yaɗu, aka raba su gida biyu. Kowa an ba shi kabozantinib, maganin da likitoci suka riga suka saba da shi. Gida ɗaya aka ƙara musu sabon maganin kamfanin, telagilenastat, ɗaya gidan kuma aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Waɗanda suka sha sabon sun yi kimanin wata 9.2 kafin ciwon ya ci gaba. Waɗanda ba su sha ba, wata 9.3. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Shekara biyu bayan haka kamfanin ya sanar da cewa zai sayar da abin da ya rage masa ya rufe.

Da maganin na banza ne, da ba wanda zai ɓata lokacinsa a kansa. Amma ba na banza ba ne. An ƙera shi don ya toshe enzayim guda ɗaya (wato furotin mai hanzarta wani aikin sinadari a jiki), gulutaminez, kuma yana toshe shi yadda ya kamata: a cikin kwalbar gwaji ɗan ƙanƙanin abu ya isa, a cikin farantin renon ƙwayoyin sankara yana tsayar da girmansu, har a jinin marasa lafiyan an auna an ga ya yi aikinsa. To me ya hana ciwon ya ji? Amsar tana cikin tazarar da ke tsakanin wurare uku da ake nazarin wannan enzayim, wato kwalba da faranti da jikin mutum, kuma sai an san yadda ake samar da enzayim ɗin kansa kafin a gane inda aka yi tuntuɓe.

Aikin gulutaminez ba shi da wuyar faɗi. Furotin ɗin jikinmu da tubala iri 20 aka gina shi, su ne ake kira amino asid, kuma wanda ya fi kowanne yawa a cikin jini shi ne gulutamin, wajen milimola 0.6 a kowace lita. Tsoka ce ke haɗa mafi yawansa, ta ajiye, ta riƙa sakin sa. Gulutamin yana ɗauke da nitirojin biyu. Gulutaminez yana amfani da ruwa ya yanke ɗaya daga ciki, ya fita a matsayin amoniya, abin da ya saura kuma shi ne gulutamet. Wannan gulutamet ɗin ba baƙo ba ne a kicin ɗinmu, shi ne ke ba farin magi ɗanɗanonsa, kuma yana cikin abin da ke sa daddawa ta tayar da miya. A cikin jiki dai aikinsa ya wuce ɗanɗano nesa ba kusa ba.

Hans Krebs ne ya bayyana wannan enzayim a 1935, shekara biyu bayan ya baro Jamus ya koma Ingila gudun mulkin Nazi. Tun a lokacin ya lura cewa na hanta halinsa daban da na ƙwaƙwalwa da ƙoda. Bayan shekaru aka gano dalilin: ƙwayoyin gado biyu ne. Ɗaya ana kiranta GLS, tana kan kuromosom na 2, ita ke ba da irin na ƙoda. Ɗaya GLS2, kan kuromosom na 12, ita ke ba da irin na hanta. Ita GLS ɗin ma kashi biyu take haifarwa, dogo mai tubala 669 da ake kira KGA, da gajere mai 598 da ake kira GAC. Gaban su iri ɗaya ne, a wutsiya suka bambanta. Dukkansu a cikin mitokondiriya suke zaune, wato ɗakunan wutar da ke cikin kowace ƙwayar halitta.

Kowace gaɓa da abin da take nema a wurinsa. Ƙoda amoniyar take so. Idan jini ya yi tsami fiye da ƙima, kamar yadda ke faruwa ga mai ciwon sukari da ya rikice ko wanda ya daɗe cikin yunwa, ƙoda tana ƙara yawan gulutaminez, ta jawo gulutamin daga jini, ta yi amfani da amoniyar wajen kwashe tsamin zuwa cikin fitsari, sauran kuma ta mayar da shi bayikabonet, sinadarin da ke rage tsami, ta zuba wa jini. Ƙwaƙwalwa gulutamet take so, domin shi ne babban saƙon da jijiya ke aika wa 'yar'uwarta don ta motsa. Bayan an aika saƙon, ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin suna tsince shi, su mayar da shi gulutamin, su miƙa wa jijiyar, ita kuma ta sake yanke shi da gulutaminez. An taɓa samar da ɓeraye marasa GLS gaba ɗaya. Ba sa wuce kwana ɗaya a duniya, numfashi ke gagarar su. Hanji da ƙwayoyin garkuwar jiki kuwa makamashi suke nema, suna ƙona gulutamin kamar yadda wasu gaɓoɓin ke ƙona sukari.

Wannan na ƙarshen ne ya jawo hankalin masu binciken sankara. A 1955 Harry Eagle, wanda ya tsara ruwan da har yau ake renon ƙwayoyin halitta a cikinsa, ya ga cewa ƙwayoyin da yake reno suna bukatar gulutamin ninki goma ko fiye da kowane amino asid. A ƙarshen shekarun 1970 aka nuna cewa ƙwayoyin HeLa, waɗanda aka samo daga sankarar bakin mahaifa, suna samun kaso mai yawa na makamashinsu daga gulutamin ko da sukari na nan. Sai a 2009 ɗakin binciken Chi Dang a jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa MYC, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da suka fi shahara wajen ingiza sankara, tana ƙara yawan gulutaminez. Daga nan hanya ta zama kamar a miƙe take: sankara ta kamu da jarabar gulutamin, gulutaminez ne ƙofar shiga, a rufe ƙofar.

Amma ba a ƙera makulli sai da ƙofar a hannu. A da, duk mai son nazarin wannan enzayim sai ya nemi ƙodar alade ko ta ɓera, ya niƙa, ya ware mitokondiriya, ya yi ta tacewa. Masu bincike a Oslo sun gano wata dabara mai kyau a wajen 1970: idan aka zuba enzayim ɗin a ruwan da ke da gishirin fosfet da na boret, sai ya dunƙule ya kwanta a ƙasa, idan aka sauya ruwan kuma ya warware. Da maimaita wannan dunƙulewa da warwarewa ake raba shi da sauran tarkace. Aiki ne mai cin rai, abin da ake samu kaɗan ne, kuma ba na mutum ba ne.

Yanzu bakteriya ake sa wa aikin. Tun da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna a 1973 cewa ana iya yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta cikin bakteriya, hanyar ta zama ruwan dare, ita ce ma ta ba duniya insulin irin na mutum a 1982. Ga yadda abin yake a kan tebur. Ana ɗauko rubutun GLS na mutum a saka shi cikin wani ɗan zoben DNA, a tura zoben cikin bakteriyar E. coli, galibi irin da ake kira BL21. A zuba su cikin tulun gilashi mai romo rawaya, a ɗora kan injin girgiza a zafin digiri 37. Cikin 'yan sa'o'i romon da ake hango ƙasansa ya yi duhu, ɗakin ya ɗauki wani ɗan wari da duk wanda ya taɓa aikin ba ya mantawa. A daidai nan ake ɗiga wani sinadari, IPTG, wanda ke buɗe ƙwayar gadon da aka dasa, sannan a rage zafin zuwa wajen digiri 18 a bar su su kwana. Rage zafin ba ado ba ne. Idan bakteriya ta yi gaggawa, furotin ɗin ba ya naɗuwa daidai, sai ya cure ya zama dunƙulen da ba ya aikin komai.

Da safe a juya su a injin wulwulawa, su taru a gindin kwalba kamar laka mai ruwan ƙasa. A fasa su da ƙarar da kunne ba ya ji, kwalbar na cikin ƙanƙara don kada zafi ya dafa abin da ake nema. Ruwan da ya fito yana ɗauke da dubban furotin na bakteriyar, namu guda ɗaya ne a cikinsu. Dabarar ita ce tun farko an liƙa masa 'yar wutsiya ta amino asid ɗin histidin guda shida. Histidin na son ƙarfen nikel, saboda haka idan aka bi da ruwan ta cikin bututu mai ƙwayoyin nikel, masu launin shuɗi-shuɗi, namu ya maƙale sauran su wuce. A wanke, sannan a zuba wani sinadari, imidazol, ya ture shi ya sauko. A ƙarshe a ɗiga kaɗan a kan wani faifan jel, a ba shi wuta, a rina shi. Idan an yi sa'a, layi ɗaya shuɗi mai kauri zai bayyana a inda ake sa ran ganinsa.

Wannan shi ne abin da kamfanoni ke sayarwa a 'yan ƙananan kwalabe, da maikurogiram ake auna shi, kuma a jiki an rubuta cewa na bincike ne kawai, ba na sha ko allura ba. A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido, don abin da ke cikin kwalbar ba shi ne daidai abin da ke cikin mitokondiriya ba.

Da farko dai an datse shi. Gulutaminez na jiki yana fitowa da wani guntun kai mai nuna masa hanyar shiga mitokondiriya, da ya shiga a cire. Masu dasawa suna cire wannan yankin tun a rubuce, tubala saba'in da wani abu na farko, don bakteriya ta fi samun sauƙin yin sa. Wasu kamfanonin ma tsakiyar kawai suke yi, inda ake yankan gulutamin, su bar sauran. Sannan bakteriya ba ta yi masa 'yan ƙananan gyare-gyaren da ƙwayar mutum ke yi bayan an gama haɗa shi, waɗanda ke iya ƙara masa kuzari ko su rage. Rubutun da ke cewa tsabtarsa ta wuce kashi 90 cikin ɗari kuwa, layin nan na kan jel kawai yake nufi. Mataccen enzayim ma yana ba da layi mai kyau. Akwai wanda a cikin ruwan yuriya ake sayar da shi, a warware, amfaninsa kawai a gwada ko wani sinadarin garkuwa yana gane shi. Wanda ya saye shi don auna aiki ya yi asarar kuɗinsa. Tambayoyin da suka kamata su ne: KGA ne ko GAC ko na hanta, daga tubali na nawa zuwa na nawa, kuma an auna yawan gulutamin da yake yankewa a minti? Sai maganar ajiya. Ana aiko shi cikin busasshiyar ƙanƙara, ana ajiye shi a digiri 80 ƙasa da sifili, kuma duk narkewa da sake daskarewa yana rage masa ƙarfi. A ɗakin gwajin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan kaɗai ya isa ya sa sakamakon Litinin ya saɓa da na Alhamis.

Auna aikin nasa ma ba kai tsaye ba ne. Gulutamin ba shi da launi, gulutamet ma haka. Don haka ake gayyato enzayim na biyu, wanda ke cin gulutamet ɗin da aka samar, yana mayar da wani sinadari NAD zuwa NADH, shi kuma NADH yana shanye haske mai tsawon nanomita 340. Injin yana kallon hasken ne, ba gulutaminez ba. Duk sinadarin da ya toshe enzayim na biyun, ko shi kansa yake shan wannan hasken, zai yi kama da gwarzon magani alhali ko kusa da gulutaminez bai je ba. Masu hankali suna sake gwada kowane sinadari da enzayim na biyun shi kaɗai.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne fosfet. Irin na ƙoda, idan ba fosfet, kusan barci yake. Yana zaune bibbiyu, fosfet ne ke sa biyu su haɗu da biyu su zama huɗu, wani ɗan murfi da ke kusa da bakin aikin ya ɗage, sannan ya kama aiki. A kwalba akan zuba fosfet mai yawa, milimola 50 zuwa 100 ko fiye, don a ga cikakken ƙarfinsa, kuma wannan ya wuce abin da aka saba samu a cikin ƙwayar halitta. Masu bincike a Campinas ta ƙasar Brazil sun nuna a 2013 cewa ba a huɗu yake tsayawa ba, huɗun suna jeruwa su zama dogon zare, kuma a zaren ne ya fi kuzari. Shekara goma bayan haka na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da sanyi ta nuna siffar zaren dalla-dalla. Dunƙulewar nan da mutanen Oslo suka yi amfani da ita wajen tacewa, ashe halin enzayim ɗin ne na asali. Har jerin zubawa yana sauya amsa: akwai wani sinadari mai lamba 968, daga ɗakin binciken Richard Cerione a jami'ar Cornell, wanda ke toshe enzayim ɗin idan an zuba shi kafin fosfet, amma idan fosfet ya riga shi sai ya zama kusan ɗan kallo.

Duk da waɗannan tarkuna, ba zan ɗora wa kwalba laifin abin da ya faru a 2021 ba. Enzayim ɗin da aka dasa ya yi abin da aka nema a wurinsa. Da shi aka samu lu'ulu'un da aka haska aka ga a 2011 yadda wani sinadari, BPTES, ke shiga tsakanin biyu da biyun nan ya ɗaure su a yanayin da ba sa aiki. A kan siffar BPTES aka gina telagilenastat, aka ƙara masa ƙarfi aka sa ya zama abin haɗiya. Tambayar da aka yi wa kwalba ita ce ko wannan sinadarin yana toshe wannan furotin, ta ce eh, kuma gaskiya ta faɗa.

Faranti ne ya yi ƙarin gishiri. Ruwan renon da aka fi amfani da shi yana ɗauke da gulutamin milimola 2 zuwa 4, ninki uku zuwa shida ko fiye na abin da ke cikin jini, ga sukari tuli, ga iska a wadace. An tsara shi ne a shekarun 1950 da 1960 don ƙwayoyi su yi saurin yaɗuwa, ba don ya yi kama da jiki ba. Hukunta abincin sankara daga abin da take ci a faranti kamar ka ga mutum a wajen walimar biki yana ta dambun nama ne, ka tafi ka ce idan aka hana shi nama yunwa za ta kashe shi, alhali a gidansa tuwo yake ci. A 2016 ɗakin binciken Matthew Vander Heiden a jami'ar MIT ta Amurka ya gwada wannan kai tsaye. Suka ɗauki sankarar huhu ta ɓera, suka bi sawun abincinta da sukari da gulutamin masu alama. A faranti ƙwayoyin suna shan gulutamin, kuma toshe gulutaminez yana tsayar da su. Su ɗin dai, a cikin huhun ɓera, da sukari suke cika tukunyar makamashinsu, toshe enzayim ɗin bai dame su ba. Shekara ɗaya bayan haka suka gano ɗaya daga cikin dalilan: sistin, wani amino asid da ke da yawa a ruwan reno. Ƙwayar halitta tana shigo da sistin ne ta hanyar musaya, ta fitar da gulutamet ɗaya ta karɓi sistin ɗaya. Idan sistin ya yi yawa a waje, gulutamet ya yi ta zuba, dole ta riƙa yanka gulutamin don cike gurbi. Wato wani ɓangare na jarabar, ruwan ne ya koya mata. Binciken da aka yi a Dallas kan marasa lafiya da aka ɗura wa sukari mai alama kafin a yi musu tiyata ya nuna cewa sankarar huhu ta mutum tana ƙona sukari sosai, har da laktet, ragowar da ake samu idan an ƙona sukari, tana sha.

Kuma jiki yana da hanyoyin ɓuya da yawa. Telagilenastat ba ya taɓa irin na hanta, don haka ƙwayar da ta iya buɗe GLS2 ta samu mafita. Akwai wasu enzayim da ke cire nitirojin daga gulutamin don gina DNA, su ma suna barin gulutamet a baya. Wata sankarar tana haɗiye furotin ɗin da ke kewaye da ita ta narkar. Zaɓen sankarar ƙoda ba a yi shi da ka ba, akwai hujja mai ƙarfi cewa lalacewar ƙwayar gadon VHL, wadda ta zama ruwan dare a wannan ciwon, tana sa ƙwayoyin su jingina da gulutamin, kuma wani ƙaramin gwaji da aka yi kafin nan da mutum 69 ya nuna alamar fa'ida. Wasu sun ce kuskuren babban gwajin shi ne rashin tantance marasa lafiya, an ba kowa ba tare da an duba wace sankara ce ke dogaro da enzayim ɗin ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba: kamfanin ya yi wani gwajin a kan masu sankarar huhu da aka zaɓo saboda sauyin ƙwayoyin gadon KEAP1 ko NRF2, waɗanda duk lissafi ya nuna su ne za su fi amfana, shi ma aka dakatar da shi a Nuwamban 2021 don ba a ga amfani ba.

Abin mamaki, hankali ya koma kan wani tsohon sinadari da aka yi watsi da shi. DON an samo shi ne a shekarun 1950 daga wata bakteriyar ƙasa da aka ɗebo a Peru. Kamanninsa ɗaya da gulutamin, don haka ba gulutaminez kaɗai yake toshewa ba, duk enzayim ɗin da ya kai hannu ga gulutamin sai ya maƙale. An gwada shi a kan mutane tun wancan zamani, amai da gudawa da gyambon baki suka sa aka haƙura, tunda hanji ma gulutamin yake ci. Masu bincike a Johns Hopkins tare da abokan aikinsu a Prague sun rufe shi da wata riga ta sinadari wadda aka tsara ta fi cirewa a cikin ƙari fiye da cikin hanji. A ɓeraye, a 2019, an ga wani abin da faranti ba zai taɓa nunawa ba: sankarar ta raunana, su kuma ƙwayoyin garkuwa masu yaƙar ta suka sauya abinci suka ƙara ƙarfi. Wani nau'in wannan DON mai riga, DRP-104, ya shiga gwajin mutane a 2020. Sakamakon ɓera dai ba alkawari ba ne, telagilenastat ma ya yi kyau a ɓeraye da dama.

Inda enzayim ɗin da aka dasa ya fi dacewa da tambayar da ake yi masa, a ganina, shi ne cututtukan gado da ba a cika samu ba. A 2019 an bayyana jariran da aka haifa da GLS ɗin da ba ya aiki, suna fama da farfaɗiya mai tsanani da matsalar numfashi tun ranar farko, kamar dai ɓerayen nan. A shekarar kuma aka bayyana wasu yaran da matsalarsu ba a cikin furotin ɗin take ba, wasu haruffa uku ne na DNA suka yi ta maimaituwa a gaban ƙwayar gadon har suka hana a karanta ta, yaran suna da jinkirin girma da rashin daidaiton tafiya. Likitoci a Utrecht ta ƙasar Holan kuma suka ci karo da akasin haka: tubali ɗaya ne ya sauya, na 482, sai enzayim ɗin ya wuce gona da iri, gulutamet ya cika ƙwaƙwalwa, gulutamin ya kusa ƙarewa, ga yanar ido tun jariri. A irin wannan, likita yana da sauyi guda a takarda, kuma yana son ya san ko shi ne sanadin ciwon. Sai a rubuta wannan sauyin a zoben DNA, a dasa, a tace, a auna shi gefe da gefe da lafiyayyen, da fosfet da babu fosfet. Mutanen Utrecht sun saka sauyin a jikin wani ɗan kifin da ake gwaji da shi, idonsa ya yi yana, da suka ba shi maganin toshe gulutaminez kuma yanar ta ragu.